Ranar da Na Kushe Jikana a Gaban Mai Saye

Ni ne wawan wannan labari, gara in faɗa da bakina tun kafin matata Hajiya ta riga ni, don ita idan ta ɗauko shi ba ta rage mini komai. Amma a sani, yarda da wauta daban, roƙon gafara daban. Abin da na yi ranar nan a filin ƙwallo ubana ya yi shi, kakana ya yi shi, ba wanda ya taɓa ce musu wawaye. Nawa dai ya zo ya faɗo a Amurka ne, a yankin Bronx na birnin New York.

Karatuna aji huɗu ne na firamare, sai na allo. Daga nan aka ja ni kara, kasuwar shanu, tun ina riƙe igiya har na zama dillalin da ake aika wa idan ciniki ya cije. Na zo ƙasar nan furfura ta fara leƙowa, na ja tasi har idona ya ce ya gaji. Yanzu aikina zama a unguwar Tremont, a hawa na uku, ina duba laifin mutane ta taga. Turancina na tasi ne: ina za ka, hagu ko dama, kada ka yi mini amai a mota. Ya ishe ni, ko kuwa in ce ina tsammanin ya ishe ni.

Gida ɗaya muke da 'yata ta fari, wadda ke aikin kula da tsofaffin wasu, nata tsohon kuwa yana gida yana kula da kansa. Mijinta babbar mota yake ja, sai mu yi mako ba mu ga ƙeyarsa ba. Sai ɗansu, wanda shi ne abokin faɗana tun ranar da ya iya tsayawa da ƙafarsa. Hajiya kuwa "maigida" take ce masa, shi take tsamo wa tsokar da ta fi girma a miya, ni kuma in samu ƙashi da wa'azi a kan hawan jini. Yaron yana jin Hausa sarai, har zagin da ban so ya ji ba, amma amsa sai da Turanci.

A hannun 'ya'yan 'yan Dominika na layinmu ya koyi wasan nan da suke kira besbol. Ga wanda bai sani ba, ga yadda na fahimce shi bayan shekarun da na yi ina kallo. Mutum ɗaya zai hau ɗan tudu yana jifa. Wani ya tsaya da kulki yana jira ya maka wa ƙwallon. Idan ya buga sai ya ruga, yana bin zango zango har ya dawo inda ya tashi, wato duk wahalar nan don a koma gida ake yin ta. A bayan mai kulkin kuwa akwai wani bawan Allah a tsugune, an ɗaura masa sulke a ƙirji, an sa masa takunkumi a fuska kamar jakin da ya saba cin hatsin mutane, ga wata ƙatuwar safar fata a hannun hagu. Shi ne mai cafka. Duk abin da aka jefo, mai kyau da marar kyau, shi zai tare. Cikin mutum tara da ke fili shi kaɗai ake jifa da gangan, kuma wannan aikin jikana ya duba ya zaɓa.

Abin da ya fara ɓata mini rai tsugunon ne. Yaron nan zai wuni a tsugune gaban alƙalin wasan da bai san ko sunan ubansa ba, amma ni da na haifi uwarsa, idan ya zo gaishe ni da safe, a tsaye zai yi ta kamar ɗan sanda.

"Kai ja'iri, haka ake gaida manya a gidanku?"

Sai ya dafa gwiwa, ya yamutsa fuska, ya ɗan ɗingisa, ya ce, "Kaka, gwiwa." Sauran kuma ya ƙarasa da Turanci, wai ciwo take masa, wai likita ya hana shi tsuguna wa tsofaffi. Ni kuma in cire hulata in wurga masa. Bai taɓa bari ta taɓa ƙasa ba. Ko ya juya baya, ko yana riƙe da kofin shayi, hannu zai miƙa kawai ya cafke, ya ɗora ta a kansa ya fita da ita har bakin ƙofa. Haka muke kowace safiya. Hajiya tana kicin tana cewa, "Ku dai ba kwa gajiya."

To idon dillali ba ya yin ritaya. Tun ina zuwa filin don in ga abin da ke hana yaro zaman gida, har na wayi gari ina duba masu cafka yadda nake duba bijimai. Ba na kallon ƙwallon, na bar wa yara wannan. Cinya nake kallo, da yadda yaro ke tashi daga tsuguno, shin a dunƙule yake miƙewa ko kuwa sai ya tattaro kansa kamar raƙumi. Ina kallon fuskarsa idan jifa ya lalace ƙwallon ya daki ƙasa ya taso: akwai mai kawar da kai ya rufe ido, akwai mai zubewa ya tare da ƙirji. Ina kuma kallon tafiyarsa idan mai jifa ya rikice, ya tashi ya je wurinsa ya yi masa raɗa. Wani idan ya je ƙara rikita shi yake yi. Wani kuwa sai ka ga kafaɗar mai jifan ta sauko, kamar sa da aka shafa wa tozo.

Kocin makarantarsu, wani mutum mai haƙuri da tambayoyina, shi ya ƙara mini da abin da mutanen kwaleji ke nema. Ya ce akwai mai gudu da ke satar hanya zuwa zango na biyu, kuma da gaske sata suke kiranta, ba ni na ƙirƙira ba. Mai cafka ne zai tashi ya jefa ƙwallon can ya riga ɓarawon isa. Wannan jifan suke aunawa da agogo, wai idan ya wuce daƙiƙa biyu da yawa sai su fara duba wayarsu. Bayan wannan sai makin karatu, sai lafiyar jiki, sai hali. Ya ce mai cafka shi ne mai riƙe da wasan duka, da yatsunsa yake gaya wa mai jifa irin jifan da zai yi, don haka ba sa ɗaukar rago ko mai taurin kai.

Na ji duk wannan, na kuma duba da idona, na san abin da Allah ya ba mu a gida. Amma ban taɓa faɗa ba, ko ga Hajiya. A inda na fito ba a yabon na gida. Baki yana kama yaro kamar yadda zazzaɓi ke kama shi. Na ga saniyar da aka tsaya a kanta ana cewa kai, wannan akwai nono, kafin mako ya zagayo ta kwanta. Mutanen nan kuwa sai su manna takarda a bayan mota suna shelar ɗansu ya fi kowa a aji, duk wanda ya tsaya a danja ya karanta. Na sha bin irin motocin nan ina yi wa yaran addu'a.

A shekararsa ta ƙarshe a sakandare, bayan ƙanƙara ta narke an koma fili, kocin ya kira uwarsa. Ya ce akwai wata kwaleji a can arewacin jiha da ke neman mai cafka, gurbi ɗaya ya rage musu, kuma gurbin da tallafin karatu yake tafe. Mutuminsu zai zo ya ga yaron da idonsa. Kowa a gidan ya san ma'anar wannan. Ba tallafin nan, kwalejin ta fi ƙarfinmu, yaro kuma karatun gine-gine yake so, uban kuwa ya riga ya fara zancen koya masa babbar mota.

Ranar wasan uwar tana aiki, ba ta samu mai canjinta ba. Uban yana wata jiha da kaya. Hajiya ba ta zuwa, ta ce ba za ta iya kallon ana jifan maigidanta ba. Saura ni.

'Yata ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta, ta ce, "Baba, don Allah kallo kawai."

Na ce, "Da can rawa nake zuwa yi?"

Hajiya ta ce, "Ka dai ji abin da aka ce maka, Alhaji."

Ina isa na gane shi. Mai saye ba ya ɓuya. Duk filin ana ihu ana tafi, shi yana zaune shi kaɗai a bayan ragar waya, daidai bayan mai cafka, Bature ne mai jan wuya, da hular hana sallah da ɗan agogo a tafin hannu. Ba ya tafi, ba ya dariya. Idan aka buga ƙwallo kowa ya bi shi da kallo sama, shi idonsa na kan yaron da ke tsugune. Na ce a raina, yau ga ɗan'uwana. Na je na zauna kusa da shi, na bar tazarar mutum ɗaya saboda mutunci.

Yaron kuwa ranar kamar ya sani. Wani ɗan tsamurmuri ya tashi satar zango na biyu, kafin ya yi nisa ƙwallo ya riga shi, alƙali ya ɗaga hannu ya kore shi. Na ga Baturen ya danna agogo, ya duba, ya ɗaga gira. Wannan girar na san ta. Ita mai saye ke ɗagawa idan ya ga abin da ya zo nema, kafin ya tuna ya ɓoye. Nan na tuna da baki. Ga baƙo ya zura wa jikana ido, ga iyayen wasu yara suna ta kiran lambarsa suna cewa ba a taɓa yin irinsa ba. Na fara karanta abin da ya sawwaƙa a cikina.

Sai Baturen ya juyo ya ce, ko na san yaron nan mai cafka.

Na ce jikana ne.

Ya miƙo hannu muka gaisa, ya faɗi kwalejin da ya fito, ya matso ya cike tazarar da na bari. Ya ce abin da yaro ke yi a fili yana gani, amma abin da yake yi a gida sai na gida. Wane irin yaro ne?

Yanzu ina so mai karatu ya tsaya a inda na tsaya. A kara, idan mai saye ya tambayi mai dabba, mai dabba ba ya yabo. Ka yaba, ya ce akwai abin da kake rufewa. Sai ka taɓe baki ka ce, to, ga ta nan dai, ci ne da ita kamar gara, ni ma na gaji da ita. Shi ya san abin da kake nufi, kai ka san ya sani, a nan ciniki ke fara daɗi. Ga wannan, ga maganar baki, ga kuma cewa tambayar kaka ake yi game da jikansa, wanda duk duniya ta san ba a samun kalmar kirki a tsakaninsu. Hanya uku duk wuri ɗaya suka nufa. Na gyara zama, na tattaro Turancin tasi.

Na ce malalaci ne. Barci kamar gawa, sai an yayyafa masa ruwa da asuba. Na ce ci ne da shi, tukunya guda ba ta isarsa. Na ce ba ya jin maganar manya, ka ce masa gabas ya yi yamma.

Baturen ya yi 'yar dariya, ya ce duk yaran yanzu haka suke. Na ga bai girgiza ba, ashe gwani ne. Sai na ƙara masa da wadda ta fi nauyi.

Na ce ga gwiwa.

Ya ce, gwiwa?

Na ce kullum da safe kuka yake da ita. A gida ko tsugunawa ba ya iya yi. Na tashi tsaye na nuna masa, na dafa tawa gwiwar, na yamutsa fuska, na ɗingisa taku biyu, daidai yadda ja'irin ke yi mini. Na ce har likita ya ambata.

Ya ce tun yaushe?

Na ce ai an daɗe, shekaru.

Ya mayar da idonsa kan yaron. Ni kuwa na zauna ina jin daɗin kaina, na ce yanzu zai fara tayi. Da aka juya wasa, ɗaya makarantar ta fito da nata mai cafkan, wani ɗan Dominika kakkaura. Don in nuna ni ba mai son kai ba ne, na nuna shi da baki na ce, ga yaro can. Dubi cinya. Dubi yadda yake zubewa gaban ƙwallo. Ba ƙarya na yi ba, yaron ba laifi, ko da yake bai kama ƙafar nawa ba. Kuma na lissafa cewa idan bakin zai kama wani a filin nan, to ya kama ɗan wasu.

Baturen ya danna masa agogo shi ma. Da aka tashi ya yi mini godiya, ya ce na taimake shi ƙwarai, ba kowane dangi ne ke faɗin gaskiya ba. Na ce ai mu haka muke. Na ga ya nufi wajen kocin ɗaya makarantar, na ce a raina dabara ce, mai saye yakan zagaya ya taɓa dabbar da ba ita yake so ba. Na koma gida har ina sayen lemo a hanya.

Kwana biyu bayan haka kocin yaron ya kira uwarsa tana tsakiyar tuƙa tuwo. Ina falo ina jin ta tana cewa wace gwiwa, wane likita, wa ya faɗa. Sai na ji muryarta ta sauka. Ta ajiye wayar. Ba ta zo wurina ba, don ni na haife ta, kuma ta san ba a yi. Tukunya ta samu. Ban taɓa jin an tuƙa tuwo da irin wannan ƙarfi ba, muciya tana dukan gindin tukunya kamar ana daka.

Tana tuƙi tana gaya wa uwarta, da muryar da za ta iso falo, "Wai an ce mun ɓoye ciwo. Wai cikin dangi ne wani ya faɗa, har da nunawa."

Hajiya ta leƙo ta ce, "Alhaji, har da nunawa?"

Na ce, "Ku ba ku san ciniki ba. Zai dawo."

"Saniya ka kai kasuwa?"

"Mutumin ya fahimce ni sarai. Har godiya ya yi mini."

'Yata ta ce wa tukunyar, "Ai dole ya gode."

Yaron yana tsaye a ƙofar ɗakinsa, ya ji komai. Na jira ya yi mini tsiwa da Turancinsa in rama. Sai kawai ya koma ciki ya rufe ƙofa a hankali.

Washegari da safe ya fito, ya zo gabana, ya tsuguna har ƙasa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ina kwana, Kaka. An tashi lafiya?" Da Hausa, tsaf, kamar ɗan da aka yi wa tarbiyya a ƙauye. Na amsa. Ya tashi ya fita. Hulata tana kaina, hannuna ya riga ya kai gare ta, na rasa abin da zan yi da shi, sai na sosa ƙeya.

Shekaru ina neman gaisuwar nan, ga ta na samu, kuma ban taɓa cin abu marar gishiri irinta ba. Haka ya yi ta yi kullum. Hajiya kuma ta daina tsamo mini ko ƙashin.

Uwarsa ta ɗauki hutun da ba ta da shi ta kai shi asibiti, aka ɗauki hoton gwiwa ta dama da ta hagu, likita ya ce ko shi yana son irinsu. Kocin ya aika wa mutumin, ya yi ta kiransa yana bayani. Daga ƙarshe Baturen ya ce zai sake shigowa gari kallon wani wasa, zai tsaya. Ba wanda ya gaya mini ranar. A bakin wani ɗan Kumasi mai shago a ƙasan gidanmu na ji, wanda ɗansa ke aji ɗaya da yaron. Na sa babbar riga, na hau bas ni kaɗai.

Baturen yana wurin da na bar shi, bayan raga. Da ya gan ni ya ɗan ja jiki. Na zauna, wannan karon ban bar tazara ba.

Na ce masa na zo gyara magana. Na ce a ƙasarmu, yaron da kake so shi kake kushewa. Idan ka ji tsoho ya ce jikansa malalaci ne, to ba malalaci ba ne. Idan ya ce ba ya jin magana, yana ji. Gwiwa kuwa wasa ne tsakanina da shi, saboda gaisuwa. Na so in bayyana masa gaisuwar, na fara tsugunawa don ya gani, tawa gwiwar ta yi ƙara, sai da ya kama ni ya tashe ni.

Ya ce yana so ya gane. Duk abin da na faɗa ranar nan, kishiyarsa nake nufi?

Na ce yawwa.

Ya ce to ɗaya yaron da na yaba fa, shi ba shi da kyau ke nan?

Na ce a'a, wannan gaskiya ce, ai ba nawa ba ne.

Ya cire hularsa ya shafa kai ya mayar. Ya ce shi shekarunsa a wannan aiki iyaye ƙarya suke masa ta sama, kowa ɗansa ya fi kowa, ya saba ragewa. Bai taɓa haɗuwa da wanda zai yi masa ƙarya ta ƙasa ba. Na ce ba ƙarya ba ce, ladabi ne. Ya ce to yanzu ba ladabi, ba wasa, in gaya masa abu ɗaya na gaskiya game da yaron.

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Ga yaron can a tsugune cikin ƙura, lamba a bayansa, yana miƙa wa mai jifa yatsu. Duk abin da na sani game da shi ya ƙi fitowa. Shekara saba'in da wani abu ban taɓa yabon jinina a gaban baƙo ba, harshen bai san hanyar ba. Ana cikin haka jifa ya lalace, ƙwallo ya daki ƙasa ya taso, yaron ya zube ya tare shi da ƙirji, na ji ƙarar har inda nake.

Na ce, "Ba ya kawar da fuska."

Na bi da masha Allah, na tofa a gefe, na sake tofawa. Baturen ya janye takalminsa.

Ya ce ya ga wannan tun ranar farko. Sannan ya gaya mini abin da ya riga ya gaya wa kocin kafin in iso. Gurbi ɗaya gare shi, ana matsa masa ya cike, ga yaro biyu, ɗaya danginsa sun ce gwiwarsa ta lalace. Bai iya jira ba. Ya ba ɗan Dominikan tun makon da ya wuce, yaron ya karɓa, ba a warwarewa. Ya ce abin da zai iya shi ne ya kira abokinsa da ke koci a wata ƙaramar kwaleji ta shekara biyu, nan kusa da gari. Idan yaron ya yi abin kirki a can, manyan za su sake dubawa.

Na ce masa a kara, idan aka gano an yi kuskure, akan tayar da ciniki. Ya ce nan ba kara ba ce. Na ce na lura.

Ya cika alkawari, ba zan ci haƙƙinsa ba. Yanzu yaron yana ƙaramar kwalejin, jirgin ƙasa yake hawa ya je ya dawo, shi ke cafka musu, yana kuma fara karatun nasa a hankali. Ba ita ya so ba. Hoton waccan ta arewa da ya manna a bango ya cire, ya bar tabon gam huɗu, ina ganinsu duk lokacin da ƙofarsa ke buɗe. Ko manyan za su sake dubawa, Allah ya sani. An dai hana ni zuwa fili idan akwai baƙo, an kuma gaya wa ɗan Kumasin ya riƙa kama bakinsa.

Gaisuwar tsuguno ta ɗauki watanni. Sai wata safiya, bayan ya fara zuwa sabuwar makarantar, ya fito da jakarsa a kafaɗa ya tsaya a kaina ƙiƙam, ya ce ina kwana daga sama.

Na ce, "Kai ja'iri, gwiwar ce ta dawo?"

Ya ce da Hausarsa mai ɗingishi, "Gwiwa lafiya lau, Kaka. Likita ya sa hannu. Ban ga dama ba ne."

Na wurga masa hula. Ya cafke bai ko duba ba, ya fita da ita, sai da yamma ya dawo mini da ita tana warin zufa.

To ranar na ji ƙarfina ya dawo, da aka zauna cin abinci na ce bari in faɗi tawa, tunda an daɗe ana faɗa mini. Na ce ku duba da kyau. Yaro yana kwana a gida, yana cin abincin halal, ba ya can cikin ƙanƙara inda ba masallaci. Na ce yaran nan da ake yabo a fili, wannan ya karye a hannu, wancan kafaɗa ta goce, namu kuwa ko ƙwarzane. Wa ya tsare shi? Shekara nawa ina zaune a filin nan ina kare shi daga bakin mutane, ba wanda ya ce mini sannu. Na ce ko gobe aka sake kawo mini Bature da agogo, ba zan tsaya ina shelar jikana kamar mai tallar magani ba. Kowa ya duƙufa kan kwanonsa, na ɗauka hujja ce ta kama su, har na ƙara miƙa hannu cikin kwano.

Hajiya ta tsamo tsoka ta ajiye gaban yaron, ba ta ko dube ni ba, ta ce, "Bakin mutane kake tsare masa, Alhaji? Duk faɗin New York baki ɗaya ne ya kama yaron nan, kuma ni nake zuba masa tuwo kullum."